Tsatsa, Ɓarawon da ke Cin Bindiga a Ɗaka

A ƙauyukanmu da wuya ka bi gida goma ba ka tarar da bindiga a ɗaya ba. Wani ya gaje ta wurin mahaifinsa, wani kuwa ya sayar da akuya ya saya. Da ita ake korar birai da aladen daji daga gona sa'ad da masara ta fara nuna. Da ita maharbi ke kawo zabo ko zomo ko gada, miya ta yi daɗi. Ran biki kuma, ko ran da sarki ya yi hawa, ita ce ke yin ƙara har mata su ɗauki guɗa.

Amma akwai abin da muke gani kowace shekara wanda ke ba mu tsoro. In kaka ta wuce, an fara fita farauta, sai a riƙa kawo mutane asibiti, wani ba yatsu, wani fuska a ƙone, wani ido ɗaya ya tafi. In ka tambaya sai a ce bindiga ce ta fashe. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce maƙeri ne ya cuce shi. Sau da yawa kuwa in an ɗauki gutsuren ƙarfen an duba cikinsa, sai a ga duk ramuka ne, ja wur kamar ƙasar tururuwa. Tsatsa ce ta yi wata da watanni tana ci, maigida bai sani ba. Domin haka muka ga ya kamata a wannan wata mu zauna mu yi magana a kanta, tun da rigakafi ya fi magani.

Daga ina bindigar ta zo mana?

Sunayen kansu sun nuna hanyar da ta biyo. Bindiga da albarushi da harsashi duka kalmomi ne da muka aro daga Larabci, ta hanyar fatake masu ƙetare hamada. Wajen ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Barno ya samo bindigogi tare da Turkawa masu koya wa mayaƙansa harbi. Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A Damagaram kuwa, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, har igwa aka ƙera masa a cikin garinsa.

Wata hanyar kuma ta bakin teku ce. Turawan Denmark sun riƙe gidajen ciniki a gaɓar ƙasar Gana ta yau, babbansu yana Osu cikin birnin Akara, har suka sayar wa Ingilishi a 1850. Dogayen bindigogin da suka riƙa kawowa ne suka bazu cikin ƙasa, shi ya sa da Turanci har yanzu ana kiran bindigar toka da sunan mutanen Denmark. Daga baya maƙeranmu suka koyi yin irinta. To, wannan bindiga da ake ɗura wa albarushi ta baki, ita ce tsatsa ta fi so, za mu kuwa ga dalili.

Mece ce tsatsa?

Abu uku ne ke haɗuwa tsatsa ta fito, watau ƙarfe da ruwa da iska. In aka raba ɗaya daga cikinsu da sauran, ba za ta fito ba. Akwai gwajin da muke yi da yara a aji, kowa kuma yana iya yi a gida. A sami kwalabe huɗu da ƙusa huɗu sababbi. Ta farko a sa ta a busasshiyar kwalba a toshe. Ta biyu a nutsar da ita cikin ruwan da aka tafasa, a zuba ɗan mai a kansa don iska kada ta koma ciki. Ta uku a sa ta rabi a ruwa rabi a waje. Ta huɗu ma haka, sai dai a ƙara gishiri a ruwan. Bayan mako guda a duba. Ta farko da ta biyu suna nan da haskensu, ta uku ta yi ja, ta huɗu kuwa ta fi duka lalacewa. Yaro ya gani da idonsa ke nan: mai yana tsare ƙarfe, gishiri kuwa yana hanzarta cinsa.

Ba lalle ne sai ruwan sama ya taɓa ƙarfe ba. Laimar da ke cikin iska ma ta isa. Masana sun gano in laima ta wuce kamar kashi 60 cikin 100, tsatsa na kama ƙarfe da sauri. A watan Yuli da Agusta kuwa iskarmu ta wuce nan nesa, shi ya sa gishirin uwargida ke jiƙewa a cikin ƙwarya ba wanda ya zuba masa ruwa.

Wani mugun halin tsatsa shi ne ba ta tsayawa a sama. Ɓawon da take yi sako-sako ne, yana riƙe ruwa kamar soso, sai cin ya yi ta nitsawa ƙasa yana haƙa rami. Daga waje ka ga ɗan tabo kamar ƙwayar gero, a ciki kuwa rami ya kai rabin kaurin ƙarfen. Sa'ad da albarushi ya kama wuta, ƙarfin da ke tura bangon bututun ya fi na iskar tayar mota fiye da sau 100. Inda ƙarfe ya yi siriri, nan zai tsage, wurin kuwa sau da yawa yana daidai inda hannun hagu ke riƙe, ko kusa da fuska. Bindigar da aka yi da bututu mai ɗinki a jikinsa ta fi haɗari, gama tsatsa na bin ɗinkin nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da albarushi ke bari a baya

Baƙin albarushi haɗin gawayi ne da farar wuta da wani irin gishiri. In ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska. Wani ya fita cikin farin hayaƙin nan, wani kuwa ya manne a cikin bututun, baƙi ƙirin, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Cikin wannan dauɗa akwai irin gishirin da ke cikin ruwan tokar da mata ke tacewa, shi kuwa janyo laima yake yi daga iska. Ashe ke nan duk wanda ya yi harbi ya jingine bindiga bai wanke ba, ya yi daidai da mai gwajin kwalba ta huɗu. Da damina dare ɗaya ya isa ja ya fara bayyana.

Bindigogin biki sun fi shan wannan wahala. A yi ta harbi tun safe har yamma, a koma gida a gajiye, a rataye, ba a sake tunawa da ita sai wani bikin. Ƙa'idar guda ce: ranar da aka yi harbi, ranar ake wanki, ko da harbi ɗaya ne.

Kafin a taɓa kome

Mutane da yawa sun mutu a bakin bindigar da aka ce ba kome a cikinta. Saboda haka kafin a ɗauko tsumma, a juya bakinta wajen da ba mutum, ba dabba, ba ɗakin kwana. A kori yara daga wurin. A cire abin tashin wutar da ke kan ƙaramar ƙofar wuta, a sauke kunama a hankali.

Sa'an nan a gwada da sandar ɗuri. A zura ta har ta tsaya, a riƙe daidai bakin bututun da ɗan yatsa, kai da fuska suna gefe. A fitar da ita a shimfiɗa a jikin bututun daga waje. In ƙarshenta ya kai ƙofar wuta, ba kome a ciki. In ya rage inci ɗaya ko biyu, akwai ɗuri. Mai hankali yakan yi wa sandarsa alama tun ranar da ya tabbata bindigar wofi ce, ya huta da shakka. Kada a leƙa da ido, kada a hura da baki. Kada kuma a ce ai ɗurin ya daɗe ya mutu, gama albarushin da ya zauna a bushe yana iya tashi bayan shekaru masu yawa. Bindigar da aka tarar da tsohon ɗuri a cikinta, ga kuma tsatsa, ba a harba ta don a fitar da shi. A kai wa mai gyara wanda ya san aikin.

Wankin bindigar toka

Wasu suna jin tsoron sa ruwa, suna cewa ai ruwa ne ke kawo tsatsa. Gaskiya ne, amma gishirin albarushi ba ya narkewa a mai, sai a ruwa. Wanda ya shafa mai a kan dauɗar ya rufe ɓarawo a cikin ɗaki ne kawai.

Kayan aikin ba su da tsada: ruwan zafi, ɗan sabulu, tsofaffin tsummokin auduga masu tsabta da aka yayyanka, sanda mai tsaga a kai inda za a saƙala tsumma, tsohon buroshin haƙori, da mai.

In bututun yana rabuwa da katakon, a raba su. A tsoma gindinsa cikin bokitin ruwan zafi mai sabulu, a zura sanda da tsumma ta baki, a riƙa ja ana turawa. Ruwan zai riƙa shiga yana fita ta ƙofar wuta, baƙi kamar na rini. A zubar a sake, har ya fito fes. In ba ya rabuwa, a toshe ƙofar wuta da ɗan tsinke, a zuba ruwan ta baki, a rufe da yatsa a girgiza, a zubar, ana lura kada ruwa ya gangara cikin katako. Daga nan a ɗauraye da ruwan zafi zalla. Amfanin zafin shi ne ƙarfe ya ɗauki ɗumi ya bushe da wuri.

Kada a tsaya hira a nan, domin jiƙaƙƙen ƙarfe da ba mai a jikinsa yakan fara ja nan da nan. A bi da busassun tsummoki, ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe ya fito fari kuma a bushe. A goge kewayen ƙofar wuta da kunama da buroshi, gama hayaƙi na taruwa a nan. Sai a ɗiga mai a sabon tsumma a bi cikin bututun da wajensa. Bayan kwana biyu ko uku a sake zura farin tsumma. In ya fito da ja ko baƙi, wanki bai fita ba, a maimaita.

Wane mai?

Man bindiga na kanti ya fi, in ana samu. In babu, man keken ɗinki yana yi, haka kuma sabon man inji. Baƙin man da aka juye daga mota ba shi da kyau, cike yake da dauɗa da garin ƙarfe da tsami. Man gyaɗa da manja suna yin daɗi a miya, amma a jikin ƙarfe sukan yi tsami su daskare su zama danƙo, har kunama ta riƙa makalewa. Kitsen da aka sa wa gishiri kuwa guba ne ga ƙarfe. In za a ajiye bindiga wata da watanni, basilin ya fi daɗewa a jiki. Katakon kuma a goge shi da ɗan kakin zuma, yana hana shi shan ruwa.

Mai kaɗan ake so, wanda in ka taɓa za ka ji santsi amma ba ya ɗiga. In ya yi yawa yakan gangara ya jiƙe katako ya sa shi laushi, ya kuma kama ƙura. Ran da za a fita daji, tilas a share man da ke cikin bututun da ƙofar wuta kafin a ɗura. Albarushin da ya sha mai yakan ƙi tashi, ko ya yi jinkiri ya tashi bayan an sauke bindiga daga kafaɗa. In aka ja kunama ba ta tashi ba, a ci gaba da riƙe bakinta wajen daji, a ƙirga aƙalla minti ɗaya kafin a yi wani abu.

Bindigar kanti

Mai baki ɗaya ko baki biyu, wadda ake karyawa a sa harsashi ta baya, aikinta ya fi sauƙi. Albarushin harsashin zamani ba ya barin gishirin nan, don haka ba a bukatar ruwa. A karya ta, a tabbata ba harsashi, a ɗaga wajen haske a duba ta baya. A zura tsumma mai ɗan mai daga baya zuwa baki, a bi da busasshe, a ƙarasa da mai kaɗan. A ɗiga ɗigo ɗaya a mahaɗin da take karyewa.

Baƙin launin da ke jikin irin wannan bindiga ba fenti ba ne. A masana'anta ake sa fuskar ƙarfen ta yi wata irin baƙar tsatsa mai laushi wadda ke manne ƙam, tana riƙe mai, tana tare jar tsatsa. Siririya ce ƙwarai, gumin hannu ma yana cinta, shi ya sa ake ganin zanen yatsa ya fito ja a jikin bututu. Duk sa'ad da aka taɓa ƙarfen, a bi da tsumma mai mai kafin a ajiye. Jinin nama ya fi gumi ɓarna, a share shi tun a daji.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi: kada kowa ya farke harsashin kanti ya juye albarushinsa cikin bindigar toka. Ƙarfinsa ya fi abin da bututunta zai iya ɗauka, ko sabuwa ce.

In tsatsa ta riga ta kama

In ja-ja ce a sama, a jiƙa wurin da kananzir a bar shi ya kwana, a goge da tsumma mai kaushi. Wadda ta ƙi fita a kankare ta a hankali da ɗan jan ƙarfe, gama ya fi ƙarfen bindiga laushi, ba zai yi masa rauni ba. Yashi da toka da takardar goge katako suna cire tsatsa, amma suna tafiya da baƙin launin, su bar ƙarfe tsirara. Fetur kuwa kada ya matso kusa. Bayan kananzir a share sarai a sa mai, domin shi kaɗai ba ya tsare ƙarfe.

Cikin bututun fa? A zura tsumma mai cika shi dam. In yana tafiya sumul, lafiya. In yana sarƙewa yana yagewa, akwai ramuka. In ya kai wani wuri ya yi sako-sako, bututun ya kumbura a nan, yatsa ma zai ji tudun daga waje. Bindigar da ta kumbura, ko ta tsage, ko hayaƙi ke fita ta inda bai kamata ba, aikinta ya ƙare. Ɗaurin waya ko na roba ko ɗan walda ba ya mai da ƙarfin da ya tafi. Mun sani rabuwa da gadon uba da wuya, amma hannun da ke riƙe garma ya fi ta tsada.

Wurin ajiya

Jikin bangon ƙasa da daɓen ɗaki suna tsotso laima, gara kuma tana jiran katakon. A rataye ta nesa da ƙasa, ba ta taɓa bango, inda rufi ba ya yoyo, ko a sa ta cikin akwatin katako mai kwaɗo. Kube na fata yana da kyau a hanya, amma ba wurin kwana ba ne, gama fata na riƙe laima, abin jima kuma yana cin ƙarfe. In za a tsayar da ita, bakin ya dubi ƙasa a kan ɗan katako, don mai kada ya gangara cikin itacen.

Akwai kuma zanzaro, wanda ba abin da yake so kamar rami mai duhu. Cikin kwana kaɗan sai ya gina ɗakinsa na laka a cikin bututu. Bindigar da aka harba da toshiya a ciki, ko laka ce, ko ƙasar da ta shiga sa'ad da maharbi ya yi tuntuɓe, fashewa take yi. Wasu sukan cusa tsumma a baki don su hana shi. Wannan ma haɗari ne, tsumman yana riƙe laima, ana kuma mantawa da shi. Gara a ɗaura ɗan ƙyalle daga waje kamar hula, inda ido zai gani.

Da damina a duba ta kowane mako biyu, ko ba a yi harbi ba. Da hunturu tsatsa takan yi sanyi, amma ƙura na haɗuwa da mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, katako kuma yana bushewa ya tsuke har kusoshi su yi sako-sako. A share, a ƙara matse su, a duba ko katakon ya tsage. Ba a fafa gora ranar tafiya.

Uwargida da yara

Wannan magana ta shafi gida duka. Kada a kwana da bindiga a ɗure. Albarushi da harsashi a kulle su dabam, nesa da murhu da fitila, cikin abin da laima ba ta shiga. Uwargida, ke ce kike gida sa'ad da maigida ya tafi gona. In kin ga ya dawo daga daji ya jingine ta a zaure, kina da iko ki ce, "Maigida, ga ruwan zafi na ɗora maka." Da ke da shi ku koya wa yara cewa bindiga ba abin wasa ba ce, kome aka ce musu ba kome a ciki. Yaron da ya tarar da ita a wani wuri, kada ya taɓa, ya je ya kira babba.

A kuma wanke hannu da sabulu bayan an taɓa harsashi, kada a sa shi a baki, kada a bar shi inda mai rarrafe zai tsinta. Dalma guba ce, ta fi kuwa cutar ƙananan yara. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400.

Abin da doka ta ce

Dokar Bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta sa lasisin bindigar toka a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, na bindigar kanti kuwa a hannun Sufeto Janar. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin ido, ko mashayi. Gyaran bindiga ma sai wanda aka ba izini. Duk mai bindiga, har da wanda ya gada, ya je ofishin 'yan sanda ya ji matsayin takardarsa. Wadda ta lalace kuma a miƙa musu, kada a jefa ta bayan rumbu inda yara za su gano.

To, jama'a, kafin a fara kiran farautar bana, kowa ya sauko da tasa ya gwada ta da sanda da farin tsumma. In ya fito fari, madalla. In ya fito ja, ga ruwan zafi ga mai. In kuwa ya fito a yage, a haƙura da ita. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu, ya kai mu wata mai zuwa lafiya.